Masarar Kan Tsibi

Tun kafin in taɓa ɗaga ƙwaryar sheƙa, abu ɗaya ne yake hana ni sakat: kada damina ta riske mu babu ƙwayar hatsi a ɗaki. Ni dama mace ce mai fargaba. Surukata takan ce ko kaza ce ta yi tari a gidan maƙwabta sai na fito na tambaya ko lafiya. Amma wannan karon da dalilina. Maigidana acaɓa yake yi tsakanin ƙauyenmu da Tudun Wada, ya faɗi a hanya ƙafa ta karye, aka yi ɗori bai kama daidai ba. Ga ɗan farina bai isa ko aike ba, ga Ummi a bayana tana shan nono. Kullum na buɗe buhun da ya rage mana a lungun ɗaki sai in ga kamar wani ya riga ni ɗiba.

Surukata ce ta nema mini izini wurin ɗanta, ta kama hannuna ta kai ni gidan Inna Kande. Ita ce shugabar matan da suke bin gonaki da kaka suna sheƙar masara a yankinmu, daga gefen Tudun Wada har a doshi Doguwa. Doguwar tsohuwa ce siririya, ba ta cika ɗaga murya ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni, ta dubi goyona.

"Ke 'yar ina ce?"

"'Yar Ɗansoshiya ce ni, Inna. Aure ne ya kawo ni nan."

"Sunanki?"

"Saude."

"Kin iya sheƙa, Saude?"

"Na iya, Inna. A gida ni nake sheƙe mana dawa."

Ta yi murmushi. "Ta tuwon dare kike nufi. To, gobe ki zo da ƙwaryarki. Kada ki zo mini da roba."

Na faɗi wannan ne saboda ku 'yan matan da kuke wucewa ta bakin gona kuna hango mu, kuna cewa ai zubawa kawai muke yi, iska ce take aikin. Ni ma da haka na ɗauka.

Gonar farko da na shiga, injin casa ya riga ya gama nasa ya tafi. Ya bar mana tulin masara haɗe da gutsattsarin totuwa, da gashin masara, da ƙaiƙayi, da 'yar ƙasa. Muka shimfiɗa tamfol. Inna Kande ba ta bari kowa ya taɓa ƙwarya ba sai da ta damƙi ƙaiƙayi ta watsa sama, ta tsaya tana kallon inda ya nufa. Sannan ta nuna wa kowacce inda za ta tsaya. Na cika ƙwaryata taf, na ɗaga sama da kai, na juye gaba ɗaya. Masara ta sauko mini a ka, ƙaiƙayi ya cika mini ido da wuyan riga. Wata mai suna Lantana, wadda bakinta ba ya rufuwa tun daga safe har yamma, ta dafe ciki tana dariya.

"Amarya, sheƙa kike yi ko wankan masara?"

Inna ta zo ta tsaya bayana, ta kama mini gwiwar hannu. Ba a fuskantar iska, ba a kuma ba ta baya, gefe ake ba ta. Ba a cika ƙwarya har baki. Sai an saki hatsin siriri, yana sauka kamar ruwan buta, hannu yana ɗan karkaɗawa. Idan iska ta yi ƙarfi sai ki sauke hannu, in ba haka ba ta kwashe miki har da tsaba. Idan ta yi sanyi sai ki ɗaga har ki tsaya a kan yatsun ƙafa. Idan ta ɗauke gaba ɗaya, ki zauna kawai, ba a yi mata dole. Ƙwarya kuwa tana da ɗan kaushi, tana riƙe hannu mai gumi, bakinta kuma yana sakin hatsi daidai. Roba santsi gare ta. Ɗaya tana sheƙa, ɗaya tana tsugune da tsintsiya tana shafar saman tsibin a hankali tana janye totuwa, wata tana gefe da rariya tana fitar da ƙasa. Da yamma kafaɗuna kamar ba nawa ba, jiki kuma yana ƙaiƙayi ko an yi wanka.

Abin da ya fi tsorata ni a farkon nan shi ne ƙirjin Ummi. Ƙurar masara tana shiga ƙirjin babba ma ta zauna, balle jaririya. Ashe Inna Kande tana da dokarta a kan haka. Masu goyo su ne suke tsayawa ta inda iska take fitowa. Yaran da aka sauke kuma a inuwar da take bayanmu ake kwantar da su. Idan iska ta juya, ba a taɓa tamfol sai an fara kwashe yara. Wani manomi ya taɓa yi mata ƙorafi wai muna ɓata masa lokaci. Ta ce da shi, "Malam, masararka ba ta tari. Waɗannan suna yi."

Yanzu ku saurari abin da shi ne gindin labarin nan. Duk tsibin da aka sheƙe yana da kai, yana da wutsiya. Ƙwaya mai nauyi, cikakkiya, a gaban ƙafarki take faɗuwa, nan ne kan tsibi. Tsamurarriya, da wadda ƙwaro ya huda, da fasasshiya, iska tana ja da su gaba kaɗan su kwanta can, ita ce wutsiya. Daga nesa duk masara ce. Idan aka ɗinke buhu ma babu mai bambancewa da ido. Amma ki jiƙa ta wutsiya a ruwa ki gani, tasowa take yi sama. A kai ta inji, rabi dusa. Ita ake yi wa bakace da faifai a tsince abin da za a tsince, sauran na kaji ne.

Ladanmu da hatsi ake biya. Idan aka gama gona, maigona ya fitar mana da abin da aka yi magana a kai, sai mu koma gindin bishiya. Inna tana da tiya ɗaya, tsohuwa, duk ta lotsa a gindi. Da ita take aunawa, tana yin tsibi-tsibi daidai yawanmu, kowanne da irin shafar hannun da ta yi wa ɗan'uwansa. Wadda ba ta zo ba saboda ciwo ko haihuwa, nata tsibin yana nan. Idan ta gama sai ta koma gefe ta zauna. Sabuwar zuwa ita take fara zaɓa, sai masu goyo, sai saura. Abin da ya rage shi ne na Inna. Ranar farko da aka ce in fara zaɓa kunya ta kama ni, na ce ai ita ce babba, ta fara.

Ta ce, "'Yata, idan na san ni ce ta ƙarshe, hannuna ba zai karkace ba. Ni ma mutum ce, ina da jikoki. Ɗauki."

Haka kuma take yi da zakka. Manoma da yawa a wajenmu sun fi son a fitar musu da ita tun a gona kafin buhuna su shiga gida, sai a kai zauren Liman, shi da dattawa su raba wa mabuƙata. Noman ruwan sama ne, ɗaya cikin goma. Inna takan auna ta daga inda ake cika wa maigona nasa buhunan, ba ta matsawa gaba ko taku ɗaya. Ni kuma aka ba ni ɗinkin bakin buhu, domin aikin zaune ne, ina iya yi ina shayar da Ummi. Ɗinkina a karkace yake tafiya, kuma a ƙarshe nakan yi ƙulli kan ƙulli don tsoron kada ya kwance. Lantana ta ce ko a kasuwar Tudun Wada ta ga buhuna za ta gaishe shi, ta tambaye shi ya mai fargaba.

Kakar farko muka samu abin da ya kai mu. Ta biyu ce shekarar tsutsa.

Tun masara tana gwiwa tsutsa ta shiga zuciyarta tana ci. Aka yi ta feshi. Wadda ta tsira kuma, tana cikin zuba ƙwaya ruwa ya ɗauke. Da kaka ta zo, gonakin da muka saba kwana biyu a cikinsu kafin azahar mun gama. Wutsiyar tsibi ta fi kansa tsawo. Wasu manoman ba su kira mu ba ma, matansu suka sheƙe ɗan abin da aka samu a tsakar gida. 'Yar gonar maigidana, da ƙaninsa ya noma masa, abin da ta bayar bai kai a faɗa ba. Duk idonmu yana kan gona ɗaya, ta Alhaji Mamuda, can bakin rafi. Ita ce mafi girma a yankin, kuma danshin rafi ya taimake ta. Aikin kwanaki ne. Rabon da za mu samu daga ita kaɗai zai iya riƙe gida har ruwa ya sauka. Ni dai a zuciyata na riga na zuba wannan masarar a tukunya.

Ranar farko a gonar muka yi aiki kamar ba gobe. Iska ta ba mu haɗin kai, har Lantana tana waƙa. Bayan la'asar muna shirin cika buhuna sai ga Alhaji a kan babur. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ya sha barin mata su yi kala a gonarsa ba ya korar kowa. Amma a shekarar ya rame, fuskarsa ta faɗa. Ya sauka ya zagaya tsibin, ya damƙa nan, ya damƙa can.

"Kande, sannunku da aiki."

"Yauwa, Alhaji, sannu da zuwa. Ya haƙuri da bana?"

"Sai godiya." Sannan ya miƙa hannu ya nuna wutsiya. "Na zakka, ku cika daga can."

"Daga ina, Alhaji?"

"Kin ji ni. Ita ma ai masara ce. Buhu dai buhu ne."

Duk muka tsaya. Ni allurar ɗinki tana hannuna. Inna ta ajiye tiyarta a kan tamfol a hankali.

"Alhaji, idan Hajiya za ta tuƙa maka tuwo da ta can, to sai in cika."

"Kande, ba wa'azi na kira ki ki yi mini ba. Kin san abin da na zuba a gonar nan? Taki, feshi, feshi kuma. Wasu ma bana ko ƙwaya ba za su fitar ba. Ni da zan fitar shi ne na yi laifi?"

"Ba ka yi laifi ba, Allah ya mayar maka da alheri. Gonarka ce, zakkarka ce, tsakaninka ne da Ubangijinka, ban isa in hana ka ba. Amma wanda za a kai wa buhun nan ba ya nan balle ya duba. Mu ne idonsa. Tiyata ba za ta shiga can ba."

Alhaji ya cire hula ya mayar. "To ku tattara. Mata sun cika gari suna neman aikin." Ya sa aka auna mana ladan yinin, bai rage mana komai ba, ya koma gefe yana danna waya.

Na matsa kusa da Inna na ce, "Inna, yarana fa?"

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya ta dube mu duka ta ce, "Ban tilasta wa kowa ba. Shekarar ba ta da kyau, kowacce ta san abin da ta baro a gida. Wadda take son tsayawa ta tsaya, wallahi ba zan riƙe ta a zuciya ba."

Sai Lantana ta kife ƙwaryarta a ka ta ce, "Idan muka tsaya wa zai yi mana rabo? Ni? Ai da na haɗa da na Saude na cinye." Wasu suka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Ɗaya bayan ɗaya aka fara karkaɗe zane. Inna ta taɓa mini kafaɗa ta ce, "Ɗauki goyonki, iska ta juya." Na ɗauki Ummi na bi su.

Da na faɗa wa maigidana, ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Surukata kuwa cewa ta yi, "Kande kenan. Tun muna 'yan mata haka take, kai kamar dutse." Ban gane ko yabo ba ne ko ƙorafi.

Sauran kakar a ƙananan gonaki muka ƙare ta. Tsibin rabonmu wani lokaci ɗankwali ma ya ishe shi. Inna ba ta sauya komai ba, tiya ɗaya, shafa ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Manoman da abinsu ya kai a fitar da zakka kaɗan ne, amma duk wanda ya ce a fitar, daga kan tsibi ta auna, ni kuma na ɗinke. Da aka gama na tara abin da na samu na dube shi. Ko na yi ta tsimi, ba zai kai mu damina ba.

Wata safiya ina shara sai na ji sallama a ƙofar gida. Ladanin masallacinmu ne da baro. Ya ce Liman da dattawa sun sa gidanmu cikin waɗanda za a ba zakka bana, saboda lalurar maigida. Ba mu taɓa karɓa ba. Maigidana ya dogara sanda ya fita, ya yi godiya kansa a ƙasa, aka shigo da buhun tsakar gida. Na sunkuya zan farke bakin sai hannuna ya tsaya. Ɗinki a karkace, ƙulli kan ƙulli. Nawa ne. Ni na ɗinke shi a wata 'yar gona, ban san wa nake ɗinka wa ba. Na farke, na tura hannu har gwiwa, na damƙo daga ƙasa. Cikakkiya, mai nauyi, tana sheƙi. Ta kan tsibi.

Da hantsi maƙwabciyarmu Gwaggo Mairo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da riƙon jikoki, ta leƙo ta katanga. "Saude, zo ki duba mini wannan, idona ba ya gani sosai. Kamar ba ta da nauyi." Ita ma an kawo mata nata. Ban tambayi daga gonar wa ya fito ba, ba kuma zan ce na sani ba. Amma wutsiya ba ta ɓuya ga mai sheƙa. Na zauna na yi mata bakace. Faifai bayan faifai, kaji suna ta murna a gabanmu. Abin da ya rage a ƙwarya bai kai rabi ba. Na koma gida na gaya wa maigidana, ya ce in ɗebo mata daga namu. Gwaggo Mairo kuma ta ƙulle ƙaiƙayin nan a bakin zane ta kai wa Liman ya gani. Tun daga shekarar dattawa suka tsayar cewa duk buhun zakka sai an farke shi a gaban mutane, an zube a tabarma, an gauraya da saura kafin a raba. Ba a kira sunan kowa ba, amma ba a sake kawo wutsiya ba.

Da ɗan rabona da buhun nan muka kai har aka fara gasa sabuwar masara. Da ƙyar, amma yarana ba su kwana da yunwa ba.

Alhaji Mamuda bai sake kiranmu gonarsa ba har yau. Muna gaisawa idan mun haɗu. Asara ce, kuma muna jin ta duk kaka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ƙananan manoma tun masara ba ta bushe ba suke aiko mana a ajiye musu rana. Inna Kande yanzu ƙirji ya hana ta tsayawa cikin ƙura, a inuwa take zama tare da yara. Bara ta miƙo mini tiyar a gaban kowa. Na ce ni yarinya ce, ga waɗanda suka girme ni. Ta ce, "Mai tsoro nake so. Wadda take ƙulli kan ƙulli." Lantana ta ce shi kenan, yanzu sai an auna sau goma kafin a tashi. Ni nake aunawa yanzu, ni ce kuma ta ƙarshen ɗauka, kuma ban taɓa jin kunyar a ce da ni mai sheƙa ba.

Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. Amma ina jin rediyo, ina jin malamai da 'yan siyasa suna ta magana a kan yadda za a tafiyar da ƙasa bisa koyarwar Musulunci, amana da adalci da shawara. Manyan kalmomin ba duka nake ganewa ba. Abin da na sani shi ne na ga waɗannan abubuwa da idona a kan tamfol, a hannun tsohuwar da ba ta da ofis. Ta fara kwashe yara kafin kaya. Ta ba mu zaɓi kafin mu tafi. Ta tsaya wa wanda ba ya wurin. Kuma takin gwamnati ma tsibi ne, maganin asibiti tsibi ne, rijiya da ajin makaranta duk tsibi ne, kowanne da kansa da wutsiyarsa, kuma mu na ƙauye mun san ɗanɗanon wutsiya.

Don haka roƙona gare ka mai karatu, ko kansila ne kai, ko mai unguwa, ko babba a can Abuja, ko uwa mai raba tuwo a tsakar gida: idan aka sa rabo a hannunka, don Allah ka cika buhun wanda ba ya wurin daga inda kake cika naka, kuma ka bari kowa ya ɗauka kafin kai. Ba ka san ƙofar da buhun zai tsaya ba. Nawa a ƙofata ya tsaya.